Ranar da Kifi Bai Jira Izini Ba

Ranar Alhamis ce, wajen ƙarfe biyu na rana, wani tsohon jami'in kiwon kifi ya leƙa tankin 'ya'yan tarwaɗa ya ga sun taso saman ruwa sun yi cirko-cirko, suna buɗe baki. Makonsa na farko ke nan a wannan gona mai zaman kanta, bayan ya ajiye aikin gwamnati da ya shekara da shekaru yana yi. Wata tsohuwar abokiyar aikinsa ce ta samo masa gurbin. Ita ta riga shi fita, yanzu aikinta ke nan, haɗa ma'aikatan gwamnati da kamfanonin da ke neman gwaninta irin tasu. Gwaji aka ɗauke shi, in ya yi a riƙe shi, in bai yi ba kuwa babu kujerar da zai koma wa. Tun da ya zo yake cikin zumuɗi, kullum shi ke riga kowa isowa. Da ya sunkuya ya shinshina ruwan ya san ciwon: ruwa ya lalace, a zubar da shi a zuba sabo yanzun nan. To amma an ɗauke wuta, sai an tayar da janareto kafin burtsatse ta ba da ruwa, mai gonar kuma ta yi tafiya. A ma'aikatar da ya baro, ko gobara ake yi ba a taɓa janareto sai darakta ya amince, wanda ya taɓa kuwa ya sha tuhuma. Sai ya tsaya a gaban injin, makulli na rataye a jikin ƙusa, yana ta kiran wayar mai gona tana a kashe. Kifaye suka fara juya farin ciki sama.

Da abin ya ishe shi sai ya kira wadda ta kawo shi, ya roƙe ta ta nemo masa mai gona ta ba shi izini. Ta ce, "Izinin me, Yallaɓai? Kifin ne ka ga zai jira sa hannun darakta? Ai don ka san abin yi aka ɗauke ka. Tayar da injin nan, don Allah!" Ya dubi makullin, ya fizgo shi ya murɗa. Injin na ɗaukar ruri sai wani irin daɗi ya tsarga masa tun daga ka har tafin ƙafa. Ya tuɓe babbar riga ya wurga kan katanga, ya naɗe ƙafar wando, ya buɗe magudana, ya ja tiyo da gudu daga wannan tanki zuwa wancan. Sabon ruwa ya kwararo, mai sanyi, garau. Can sai ya ga kifi ɗaya ya kaɗa wutsiya ya nutse, wani ya bi shi, sai tankin ya kaure da watsal-watsal. Mutumin da ko murya ba ya ɗagawa a ofis, ga shi jiƙe sharkaf yana tafi yana dariya shi kaɗai.

Da la'asar mai gona ta dawo. Ya tare ta a ƙofa hannu a baya, ya shirya amsa laifin ƙona mai ba tare da izini ba. Ita kuwa ko kallon janareton ba ta yi ba. Ta dubi matattun kifin da ya tsame a bokiti, ta dubi masu rai, ta tambaye shi me ya tsaya jira tun farko. Bokiti guda aka yi asara, sauran suka rayu, aka riƙe shi a aikin.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.