Kada Ka Cire Tabarau

Suna zaune a bencin asibiti, gaban ɗakin hoton ciki, ta ce wa mijinta, "Malam, ka jira ni a nan. Ni kaɗai zan shiga."

Ya dube ta. Ya zare tabaraunsa zai goge.

Nan take firgici ya taso mata. Ƙirjinta ya ɗaure, yatsunta suka yi sanyi, numfashi ya tsaya mata a maƙogwaro. Ta dafe cikinta da hannu biyu.

"Mayar da shi," ta ce da ƙyar. "Don Allah mayar."

Ya mayar da sauri, ya durƙusa gabanta. "Ja numfashi a hankali, yadda likita ta koya mana. Ina nan."

Suka ja tare, suka saki tare, har rawar jikinta ta lafa.

"Ranar da na farfaɗo bayan waccan haihuwar," ta ce, "sai da ka cire tabarau kafin ka gaya mini yaron bai zo da rai ba. Tun daga ranar, duk sanda ka cire shi, sai in ji kamar wannan ma ya daina motsi."

Hawaye suka jiƙa masa gilashin. Hannunsa ya tashi zai cire shi, ya tsaya a hanya, ya koma.

"Da shi zan riƙa barci," ya ce. "Amma ba za ki shiga ke kaɗai ba."

Nas ta leƙo ta kira ta. Ya miƙe yana laluben bango, ba ya ganin gabansa. Ita ta kama hannunsa, ta ja shi ciki.