Hoton Tsohon Maƙeri

Tun daga bakin ƙofar maƙerar warin ya tare ta: gawayi, tsohon man inji, da wani turare mai hawa kai da aka zuba ba lissafi. Mai hoto ta toshe hanci da gefen mayafinta, ta kafa kyamararta mai ƙafa uku a tsakanin tarkacen ƙarfe.

Marigayi mai filin ya bar wa tsohon maƙeri wurin nan muddin ransa. Yanzu magadan mai filin, da ke zaune nesa, suna neman shaidar cewa tsohon na nan a bakin aikinsa, in ba haka ba su karɓe abinsu. Sun ƙi hoton waya, don ana yi masa kwaskwarima. Sun ce sai na babban fim, baƙi da fari, da sa hannunta, domin ba a taɓa kama ta da ƙarya ba.

Tsohon na kan kujera kusa da uwar maƙera, da baƙin tabarau, guduma a cinya, 'ya'yansa maza biyu a tsaye kusa da shi. Ta gaishe shi, ko kai bai ɗaga ba.

"Kunnen ya tafi, Hajiya," in ji babban ɗan. "Da ma can ba ya jin maganar kowa sai ta guduma."

Ƙanen ya yi dariya fiye da kima.

Ta shiga ƙarƙashin baƙin ƙyallen da ke bayan kyamarar. A gilashin kyamarar komai a kife yake, amma ba abin da ke ɓuya. Ta ga sabuwar riga fil a kan jikin da bai ga ruwa ba. Ta ga ƙudaje suna shawagi a gefen leɓensa. Ta fito da kanta daga ƙarƙashin ƙyallen.

"Ku kore masa ƙudan nan mana! Ubanku ne fa, ba buhun gawayi ba."

Wurin da duhu, dole a bar idon kyamarar a buɗe na ɗan lokaci. Ta gargaɗe su cewa wanda ya motsa zai fito kamar hayaƙi.

"Baba dai ba zai ba ki matsala ba," in ji ƙanen.

Suka tsaya dama da hagu, kowa ya dafa kafaɗar uban da ƙarfi. Ƙaunar ganin ido, ta ce a ranta, ta ja tsaki.

Tana naɗe kaya babban ya miƙo mata takardar shaidar. Ba al'adarta ba ce ta sa hannu kafin ta ga aikinta, amma warin ya ci ƙarfinta. Ta rattaba, ta fice.

A ɗakin duhu ta wanke fim ɗin, ta buga shi a takarda ƙarƙashin jar fitila. Fuskoki suka taso daga cikin ruwan magani. 'Ya'yan sun ɗan dushe a ƙirji da kafaɗa, kamar yadda kowa ke yi, don ba mai iya hana ƙirjinsa hawa da sauka.

Ta ɗauko gilashin ƙara girma ta duƙa kan tsohon. Kowane silin gemunsa ya fito ɗai-ɗai, kowane zaren wuyan rigarsa a miƙe, ko gezau.

Tun tana budurwa take wannan aiki, kuma mai numfashi bai taɓa fitowa tsaf haka ba.