Sunan Aro

Da hantsi aka karanta sunayen mutum goma a ƙofar coci, na bakwai kuwa Aimé ne, ɗan Honorine. Sojojin Jamus da suka mamaye ƙasarmu suka ce ko a fito musu da ɗan tawayen da ya ɓuya a ƙauyenmu da harsashi a ƙafa, ko su harbe goman nan da ƙarfe sha biyu. Honorine ta juya gida. Ɗan tawayen yana kwance a ɗakin ciyawarta.

Mu a ƙauyenmu ba a wahalar neman suna. Kalandar da mai kawo wasiƙu yake rabawa tana rataye a kowane madafi, kowace rana da sunan waliyyinta. In ranar Kirsimeti aka haife ka, kai ne Noël. In ranar ƙarshen shekara ce, Sylvestre, wato ɗan daji, ko da kuwa kaza ma tsoro take ba ka. Gidan marayu na birni ma haka suke yi wa jariran da ake ajiye musu a ƙofa, sai dai su liƙa sunan watan a gurbin sunan uba.

Honorine ta haddace kalandar nan kaf, har da ma'anoni. Saurayi baƙo bai isa ya ratsa ƙauye ba ta tare shi ta tambayi sunansa ba. Amma da ta haifi ɗanta sai ta yi watsi da kalandar, ta ce, “Wannan kam ni zan zaɓa.” Ta sa masa Aimé, abin ƙauna.

Duk ranar uku ga Fabrairu, ranar waliyyi Blaise, da limamin cocinmu yake gitta kyandir biyu a wuyan masu ciwon maƙogwaro don neman waraka, ita ce a sahun gaba. Mata su riƙa yi mata tsiya: “Ke da ake jiyo muryarki daga bakin rafi, wane ciwon wuya gare ki?” Duk da haka ba ta taɓa fashi ba.

Kwana huɗu ke nan da zuwan baƙon, wato ɗan tawayen. Ya wuce gidaje uku da suka fi kusa da daji, yana jan ƙafa, ya ƙwanƙwasa nata.

“Ya sunanka, ɗan nan?”

“Félix, Inna.”

“Mai sa'a ke nan. Ga shi kuwa sa'ar ta tsaya a gwiwa.”

Ya yi dariya. “Ai na aro ne, a daji kowa da nasa. Na gaskiyar sai an gama yaƙi. Akwai maganar da nake tafe da ita.”

Ta ciyar da shi miyar albasa da busasshen burodi. In tana ɗaure masa rauni, yakan ƙura wa fuskarta ido har ta tsargu. Ta ɗauka zazzaɓi ne.

Da ƙararrawar sha ɗaya ta buga, ta hau ɗakin ciyawa. Ya riga ya ji komai ta tagar rufi.

“Ɗanki yana cikinsu?”

“Yana ciki.”

“Shi kaɗai gare ki?”

“Shi kaɗai.”

Ya kawar da ido daga fuskarta. Sannan ya ce, “To ki je ki faɗa musu, Inna. Tsayuwar nan ba ta da amfani.”

Ta je. Ni dai ban ga laifinta ba, duk wanda ya ce da shi ne da ba haka zai yi ba, ƙarya yake yi. Aka jingina baƙon da katangar maƙabarta, tunda ba ya iya tsayuwa, aka harbe shi saura minti goma sha biyu ta cika. Aka saki goman. Honorine ta rungume Aimé tana kuka, farin ciki da kunya suka cakuɗe mata.

Washegari muka taru don mu binne shi. Firmin, magatakardan ƙauye, ya ce ba zai rubuta sunan aro a kan kabari ba. Ya lalube rigar mamacin, ya ji wata takarda a ɗinke cikin wuyanta, ya farke ɗinkin. Tabaraunsa ya fashe tun jiya a turmutsitsi, sai ya miƙa wa Honorine.

“Ke ce malamar sunaye. Karanta mana, ki gaya mana ma'anarsa.”

Takardar gidan marayu ce, ta sha ninki har ta yi laushi. A bayanta an rubuta sunan ƙauyenmu da fensir, da sunan Honorine. Ta juya gaban, idonta ya sauka a kan sunan.

Blaise Février, wato Blaise ɗan Fabrairu, an tsince shi a ƙofa ranar uku ga wata, shekara ashirin da biyu da suka wuce, ranar da Honorine, tana budurwa, ta ajiye jaririnta na fari a wannan ƙofar ta juya ba ta waiwaya ba.