Shekarun da Aka Cire wa Tasi'u

Tun da aka kawo allurar mantuwa, asibiti ba ya sallamar wanda allurar maye ta sa wa cuta a jini sai an yi masa ita. Tana kashe sha'awar ƙwaya, amma tana tafiya da duk shekarun da mutum ya yi a cikin maye.

Da hantsi Lantana ta je ɗauko ƙanenta Tasi'u, bayan ya yi mako shida a kwance. Zazzaɓin ya sauka, gyambon hannunsa ya warke. Ta tarar da shi yana shafa tabon kamar a jikin wani yake.

"Yaya, yaushe kika yi furfura?"

"Likita ta ce shekara shida aka cire maka."

"Haka suka ce. Ni dai garau nake jina." Ya sa takalminsa. "Mu biya kasuwa mu saya wa Inna goro. Ko fushi take da ni, shi ya sa ba ta zo ba?"

Shekara huɗu ke nan da shi da kansa ya sa Inna a kabari.

Lantana ta ɗauki jakarsa.

"Mu biya," ta ce, tana tunanin inda za ta zaunar da shi a hanya.