Ban Haƙurin Clem Hartigan

A ƙofa ta shida Noelene ta ce ita ta gama. Tun da suka bar garin Windorah ita ke sauka a kowane shingen gonar shanu, ta buɗe, mota ta wuce, ta rufe, don ƙa'idar hanyar ke nan: wanda ya zauna gaba shi ne mai ƙofa. Amma ba ƙofofin ne suka ɓata mata rai ba. Mijinta Clem ne, wanda ya tashi da safe ya tuna man inji, ya tuna tayoyin safaya, ya tuna jarkokin ruwa, ya manta yau aurensu ya cika shekara ashirin da biyar.

"Wallahi in muka isa gidan Yaya Merle ba ka ba ni haƙuri ba, can za ka bar ni," in ji ta. Ta wuce bayan motar inda gado da ɗan kicin suke, ta ja labule.

To fa. Clem mutum ne da ya gwammace ya canza taya huɗu da tsakar rana da ya ce ya yi kuskure. 'Yarsu Bronte, mai shekara sha shida, ta dawo gaba ta gaji aikin ƙofa tana tura baki.

A ƙofa ta tara, ta ƙarshe, Bronte na kokawa da sarƙar ƙofar Clem ya ji an buga wani abu a baya. Da ta shigo ya ce, "Uwarki yanzu kuma kabad ne ya yi mata laifi." Ya taka mota.

Daga nan sai jar ƙasa shimfiɗe har iyakar gani, babu gida, babu sabis ɗin waya. Saura kilomita ɗari da sittin su isa gidan Merle. Rediyon da direbobi ke magana da juna ya fara ƙara, Clem ya kashe shi, don abin da zai faɗa ba na kunnen duk jihar Queensland ba ne.

"Nol, ga dabbobin kangaru can har uku," ya ce wa Noelene ta bayan labule.

Shiru.

"Akwai sauran shayi a filas fa."

Ko tari ba a yi ba. Faɗan Noelene ya saba da shi kamar yadda ya saba da zafi, shirunta ne bai taɓa ji ba.

Ana haka wata tirelar shanu ta ɓullo a madubi tana haska fitila tana danna oda. A hanyar nan duk wanda aka wuce shi zai ci ƙura har gari na gaba, saboda haka Clem ya ƙara wuta ya kame tsakiyar hanya.

"Baba, ka ba shi hanya mana."

"Ya jira. Magana nake da uwarki."

Sai ya gyara murya ya fara. Ya ce ya yi kuskure. Ya ce ba na yau kaɗai ba, har da ranar da aka haifi Bronte yana can kamun kifi, da shekarar fari da ya sayar da dokinta bai tambaye ta ba. Ya ce in ta zauna gidan Merle bai san ko ina cokali yake a gidansa ba, balle ya san me zai yi da kansa. Bronte ta juya tana kallon taga tana share ido. Tun da take ba ta taɓa jin ubanta ya haɗa irin wannan magana ba, kuma ta san ba abin da zai iya maimaitawa ba ne.

Da ya gama sai ya ji zuciyarsa sakayau, har ya ji tausayin mai tirela. Ya gangara gefe ya ba shi hanya.

Tirelar ba ta wuce ba. Ta tsaya daidai tagarsa, shanu na kuka. Clem ya ɗaga yatsa ɗaya daga sitiyari, gaisuwar direbobi, ya ɗaga kai sama. Kusa da direban, da ƙura har gira, Noelene ce zaune ta harɗe hannu. Ashe ta sauka zagayawa tun a ƙofa ta tara aka tafi aka bar ta, mai tirelar ya tsince ta, ba ta ji ko kalma ɗaya ba.