Jan Zare a Maɓalli na Uku

Takardar ta ce: shuɗiyar riga mai gajeren hannu, aljihu ɗaya, maɓalli na uku ba irin sauran ba. Telar ta karanta sau biyu, sannan ta ajiye almakashi.

Kwana shida ke nan tana yi wa masu fim ɗinki. Ba a ba ta labarin, jerin tufafi kawai ake kawo mata kowace safiya. Abin da ta tsinta a bakin 'yan wasa shi ne fim ne na soyayyar ƙuruciya, saurayi da budurwa 'yan shekara sha shida, da wani kogi da ya raba su. An ce teloli huɗu aka sallama kafin ita, kuma babu wadda ɗinkinta ya ɓaci. Ta ɗauka iyayi ne irin na masu fim.

Amma ta san rigar nan. Shekara talatin da biyu da suka wuce ita ta sa mata maɓallin, ɗinkinta na farko a duniya. Ranar da saurayinta, mai rigar, ya sa ta, iska ta jefa ɗankwalinta cikin kogi, ta ce masa cikin wasa in yana son ta ya ɗauko. Kogin ya cika ya batse. Ta ga ya cafki ɗankwalin, ta ga kansa ya nutse, ya taso, ya sake nutsewa. Sai ta ruga gida ta shige ɗaki ta yi gum. Ba a ga gawa ba. Mako bai zagayo ba aka canja wa babanta wurin aiki suka bar garin, kuma ko mahaifiyarta ba ta taɓa gaya wa ba.

To wa ya sani? Daraktar fim ɗin ba ta kai talatin ba, mai wushirya, ba ta da yawan magana sai kallo. Telar ta yanke cewa danginsa ne. Wani ya gan ta tana gudu ranar, yanzu sun zo su tona mata asiri a idon duniya, 'ya'yanta na kallo. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as: ko ƙofa aka buga sai gabanta ya faɗi.

Ta so ta ajiye aikin, ta ga gudu shi ne zai nuna ta. Ta zauna ta ɗinka rigar. A ƙasan jerin akwai kayan masunta biyu da rigar asibiti, waɗannan ta bar su sai gobe.

Da rana daraktar ta shigo. Ta ɗaga rigar, ta duba wuya, ta duba aljihu, ta tsaya a maɓalli na uku.

"Mama, wa ya ce ki sa jan zare?"

Telar ta duba. Takardar ba ta ambaci zare ba. Wancan karon ja ne kaɗai ya rage a gwangwanin mahaifiyarta, yau kuma hannunta ya ɗauko shi bai yi shawara da ita ba.

"Kuskure ne, 'yata. Kawo in warware."

"Kar ki taɓa shi."

Daraktar ta tura ƙofa ta rufe. Telar ta dafa keken ɗinki.

"Ni ce na tura shi," ta ce. "Kuma ban kira kowa ba. Ku yi min abin da za ku yi."

Idon daraktar ya kawo ruwa.

"Duk huɗun shuɗin zare suka sa," ta ce. "Babana ya ce wadda ta sa ja ba a gaya mata ba, ita ce. Masunta ne suka tsamo shi ranar, suka kai shi asibiti. Yana waje cikin mota, ya ce ki zo ki karɓi ɗankwalinki."