Waƙar Rijiyar da Ba a Ji Ba

Tun da ka shigo na ga hannunka a kan takardar nan kamar kaza a kan ƙwai. Zauna in ba ka misali.

An yi wani malamin firamare da ya samu izinin ƙaro ilimi, ya tafi kwaleji yana karatun Hausa. A zangon ƙarshe aka ce kowane ɗalibi zai tsaya gaban malamai uku ya yi jawabin minti goma a kan adabin baka, a ba shi maki nan take. Wanda ya faɗi sai ya maimaita shekara. Shi kuwa izininsa ya zo ƙarshe, in ya faɗi haka zai koma ƙauye hannu rabbana. Abin faɗa kam yana da shi, wannan ba a ƙwace masa ba. Ya zauna da wani tsohon mahaƙin rijiya na garinsu, ya rubuto waƙar da suke yi a bakin aiki: na cikin rami ya ba da baiti, na sama ya amsa. Tsohon ya ce masa ba don nishaɗi ake yin ta ba. Muddin ana jin muryar na ƙasa, an san yana numfashi. In aka amsa aka ji shiru, sai a ja igiya da sauri. Wata biyu bayan haka tsohon ya rasu, waƙar ta zama ba ta hannun kowa sai shi. Daga ranar kowa ya koma ɓarawo a idonsa.

'Yan ajinsu suna da wata al'ada. Kullum bayan la'asar sai su taru a gindin darbejiya, ɗaya ya tashi ya gwada jawabinsa, sauran su gyara masa, wani na riƙe da agogo. Sau uku suna kiransa, sau uku yana cewa kansa ke ciwo. Wanda ya fi tsaya masa a rai shi ne mai agogon, wani dogo mai yawan fara'a. Malamin ya ce a ransa fara'ar nan ta yi yawa, ruwa ba ya tsami banza. Ranar da dogon ya tambaye shi a kan me zai yi magana, cewa ya yi, "Waƙoƙi," ya juya baya. Takardar kuwa ko masallaci zai je tana aljihu, yana sujada yana dafe da ita. Bai taɓa karanta ta a fili ba, kada na ɗakin kusa ya ji. A zuci yake bita, kuma jawabin zuci ba ya cin lokaci: babu tari, babu in'ina, babu haɗiyar yawu.

Ranar jawabi aka jefa ƙuri'a, ya fito na bakwai, dogon na takwas. Da ya tashi, sai ya hango shi a kujerar gaba, ga biro a hannu, ga agogo a kan cinya. Nan take ya sauya tsari: zai tura waƙar can ƙarshe, ya zubo ta da sauri yadda ba mai iya rubutawa. Bai tsaya ya tambayi kansa ba, wane mahaukaci ne zai saci abin da aka riga aka faɗa gaban malamai uku? Amma zargi in ya cika ciki, ba ya bar wa hankali wurin zama. Ya kama ma'anar adabi, ya shiga rabe-rabensa, ya fito ya faɗa bambancin na baka da rubutacce, duk abin da malaman suka ji sau shida tun safe. Ɗayansu ya yi hamma. Can sai dogon ya ɗaga yatsu biyar. Malamin namu ya ce a ransa, lalle, yana yi wa abokin haɗin baki alama ne a baya. Jim kaɗan ya ɗaga biyu, har yana kaɗa su yana zaro ido. Malamin ya ji haushi, ya ƙara jan magana da gangan don ɓarawo ya gaji da jira. Ya buɗe baki ke nan ya ce yanzu zai zo kan rijiya, aka kaɗa ƙararrawa.

"Saura kaɗan, Malama," ya ce wa shugabar masu ba da makin.

"Kowa goma aka ba shi, Malam. Na gaba."

Ya koma ya zauna. Dogon ya tashi ya kama nasa jawabin, a kan kacici-kacici, ko kusa da rijiya bai bi ba. Sai malamin ya ga wata 'yar ajinsu ta karɓi agogon, ta ɗaga wa dogon yatsu biyar, can ta ɗaga biyu, shi kuwa ya naɗe tabarmar maganarsa daidai kan lokaci. Ashe alamar gindin darbejiya ce, saura minti kaza. Duk ajin sun san ta, ban da shi. Mutumin yana bakin rijiya yana ja masa igiya, shi yana ƙasa yana kallonsa a ɓarawo. Takaicin da ya ji a ranar ya fi na makin ciwo. Ya koma ƙauye ba takardar shaida, waƙar tana aljihunsa lafiya lau, ba wanda ya sata, ba kuma wanda ya ji.

To, ɗauke hannunka ka karanta min da ƙarfi. Hausawa sun ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.